Amawalin Agali

Ku da ke ɗaga salula ku danna, ku ce kun yi fim, ku gyara zama ku ji. Sunana Lawali, nan Tasawa an fi sanina da Lawali Kamara, kuma na fara ɗaukar hoton mutane tun kamara na hawa kafaɗa kamar buhun gero. Jiya wani daga cikinku ya ce mini aikin ba wuya, in ka ɓata sai ka goge ka sake. To, mu a namu zamanin gogewa ba abin wasa ba ce. Shi ya sa zan ba ku labarin fim ɗaya tilo da na yi don kaina, ba wanda ya sa ni, ba wanda ya biya ni.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan naɗe waya ne. Maigidana Sanda Majigi, Allah ya jiƙan shi, shi ke yawo da majigi ƙauye ƙauye zamanin mulkin sojan farko, yana nuna wa manoma yadda ake dashen itace da gyaran rijiya. Na daɗe a hannunsa ban taɓa na'ura ba, daga waya sai jarkar isansi, wato fetur. In na naɗe wayar ta murɗe, sai ya warware ta a ƙasa ya ce in sake, ko kallona ba ya yi. Da ya ga na fara hankali sai ya riƙa zaunar da ni kusa da lasifika, ya ce in rufe ido in gaya mishi abin da ke faruwa a jikin allon. Cewa yake mutane na yafe hoto mai duhu, amma in ba su ji magana ba tashi suke su tafi gida. A lokacin gani nake tsohon wahalar da ni kawai yake yi.

Da majigi ya kwanta kaset ya shigo, na sayi tsohuwar kamara a Maraɗi, irin wadda ake cusa wa babban kaset a ciki. Batirinta ya mutu tun kafin ta zo hannuna, sai na haɗa ta da batirin mota. Batirin a cikin kwando, kwandon a ƙasa kusa da ƙafata, waya ta tashi daga can zuwa kafaɗata. In zan matsa sai na duƙa na ja kwandon. Da rana ta take sai in lulluɓe kamarar da farin ƙyalle, don in ta yi zafi tauna kaset take yi. Fitilar aiki kuwa tiren shayi ne, wanda nake jinginawa ya tare rana ya mayar wa mutum a fuska. Kuma na koyi abu guda da wuri: kada ka tsayar da baƙin mutum sama na bayansa, kamara za ta runtse ido ta ba ka inuwa mai riga. Ka nemo mishi katangar ƙasa ya jingina.

Bukin da ba na mantawa na gidan wani Alhaji ne mai motocin haya. Na yi wuni ina ɗauka, na kai kaset, aka zauna kallo. Alhajin ya ce motarsa ba ta daɗe a hoto ba, gwoggon amarya kuma ta ce ta ga kowa ya fito ban da ita, alhali duk lokacin da na juyo kamara wajenta sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Haka abokan cinikina suke. Masu suna, masu dawowa daga Makka, ƴan kokowa, wani lokaci a aiko daga biro, wato ofishin gwamnati, a ce manya na zuwa in zo in ɗauki tafi. Kowa so yake ya ga kansa ya fi yadda yake, ni kuwa aikina in yi ƙoƙari.

Ana nan finafinan Kano suka fara shigowa. Kowane shago tele, kowane tele saurayi da budurwa na rawa a cikin furanni. Ban ƙi su ba, ni ma ina kallo. Amma na ce a raina, shin mu magidanta ba mu da labari ne? Mutumin da gwiwa ta fara yi mishi ciwo, ƴaƴa sun girma sun daina jin magana, abin da ya rage mishi na daɗi a duniya abokin da zai zauna da shi su yi ta zagin juna. Da na faɗa wa mutane zan yi fim ba yarinya ba waƙa, wani mai gyaran rediyo maƙwabcina ya yi dariya har ya yar da abin da ke hannunsa. Ya ce wa zai zauna kallon furfura.

Mutanen da nake nema na same su a Kona, inda na je ɗaukar wani suna. Nomau manomi ne, gajere mai tumbi da babbar murya. Agali Buzu ne makiyayi, dogo, ba ka ganin komai a fuskarsa sai ido. Duk rani Agali na sauke iyalinsa da bisashensa a gonar Nomau, su ci kara su bar taki, in damina ta kusa ya yi arewa bayan Mayahi, ya tafi har da bijimin Nomau ya yi mishi kiwo. Haka iyayensu suka yi, haka suka gada. Ƙarƙashin wani gawo suke wuni. Nomau ba ya kiransa sai Ɓarawon Buzu, shi kuma ya ce da shi Tumbin Fura. In ka ji su daga nesa sai ka ruga rabon faɗa, ka iso ka tarar shayi suke sha.

Na yi musu bayani, Nomau ya yarda tun ban rufe baki ba. Agali ya daɗe yana juya shayi, sannan ya tambaye ni ko in an fara dole a gama. Na ce dole. Ya ce to ya ɗauki alkawari, sai dai in sani shi ba ɗan wasa ba ne. Labarin kuwa mai sauƙi ne: aminai biyu da girma ya fara kamawa, suna zamansu, har ranar da ɗaya zai yi tafiya mai nisa su yi sallama. Ban rubuta musu komai ba, don ba mai karatun boko a cikinsu. In ce ga abin da ke faruwa, su kuma su zuba nasu.

Ga inda ku yaran yanzu ba za ku gane ba. Ba ni da na'urar haɗa hoto, kuma sabon kaset guda ne gare ni. Saboda haka fim ɗin a cikin kamara ake haɗa shi: abin da zai zo farko shi ake ɗauka farko, na ƙarshe a ƙarshe, kowane sau ɗaya. In ka koma baya don gyara wani wuri, ka taka abin da ke gabansa. Ita kanta kamarar in ka tsayar da ita sai ta ɗan ja da baya ta cinye wutsiyar abin da ka ɗauka, don haka kullum sai na bar mutane sun yi shiru na ɗan lokaci kafin in kashe. Nomau bai taɓa iya wannan shirun ba, sai ya yi tari ko ya kori ƙuda.

Babbar wahalata ita ce amawalin Agali, wato ƙyallen rawanin da ke rufe mishi hanci da baki. Abin ɗaukar maganar kamarata rarrauna ne, muryar Nomau na cika shi, ta Agali kuwa kamar daga cikin tulu take fitowa. Ranar farko na ce, cikin ladabi, Baba Agali ko za a ɗan sassauto da amawalin nan. Ƙara ja shi sama ya yi. Nomau ya kwashe da dariya, ya ce in bar wahalar da kaina, tun suna samari suke tare bai taɓa ganin bakin Buzun nan ba, ko shayi ta ƙarƙashi yake shigar da kofin, shi yana ma zaton babu bakin. Daga baya ya ja ni gefe ya ce kada in sake, a wurin Buzaye babban mutum ba ya buɗe baki gaban jama'a, tsiraici ne. Sai na riƙa matsowa da kamara dab da shi, ina zaɓen safiya kafin iska ta tashi.

Mun ɗauki fiye da rabi a wannan ranin, kuma wallahi ya yi kyau. Akwai wurin da Nomau ke ƙoƙarin hawa raƙumi don ya nuna har yanzu da sauransa, da wurin da Agali ke cire mishi ƙaya a ƙafa yana mishi faɗa kamar uwarsa. Da hadari ya fara haɗuwa Agali ya naɗe kayansa ya yi arewa da bijimin, muka aje sauran sai bayan kaka.

Ruwan bai zo ba. Ya yi sau kaɗan aka yi shuka, ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Aikina ma ya tsaya cak, don wanda bai cika rumbu ba ba ya kiran mai kamara; suna sai a raɗa da safe kowa ya watse. Na koma gyaran tocila da rediyo a rumfar maƙwabcin nan da ya yi mini dariya. Kaka ta wuce, lokacin saukar Agali ya yi, gawon Nomau ba kowa. Ba kara a gonar balle a ci. Sai muka ji yana nan kusa da Mayahi da abin da ya rage mishi, ni da Nomau muka hau taksi ranar kasuwa muka tafi nemansa, da kamara da batir, ko za mu ci gaba.

Lokacin soja ne ke riƙe da ƙasa, kuma ba a son a ga mutum da kamara yana yawon ƙauyuka a shekara irin wannan. A wani shinge aka sauke mu. Wani jandarma ya sa na mayar da kaset baya, ya leƙa ido yana kallo, har ya zo inda na ɗauki rumbun Nomau a buɗe, ba ko zangarniya, wanda na ƙara kafin mu taso. Ya ce wa ya ba ni izinin nuna yunwa. Na ce labari ne na abota. Ya ce to abotar ta yi ba rumbu, in goge a gabansa. Gogewa kuwa sai da ɗora wani abu a kai. Na duba, ba komai a wurin sai wani jaki ɗaure jikin bagaruwa, sai na ɗauki jakin daidai tsawon rumbun. Har yau yana cikin fim ɗin, tsaye yana kaɗa kunne. Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya taɓa ce mini wurin nan akwai hikima mai zurfi, ni dai na yi mishi godiya.

Kasuwar bisashe ta Mayahi ranar nan ba daɗin gani. Shanu kwance, ana ɗaga su da itace, masu su tsaye ba mai taya su. Nomau ya hango Agali daga nesa, farin ciki ya kama shi, ya ɗaga muryar nan tasa yadda ya saba:

"Ga Ɓarawon Buzu! Ina bijimina? Ka cinye shi ko?"

Kullum haka yake tarbarsa, kullum Agali na da amsa. Ranar nan sai ya sa hannu cikin jakar fatarsa ya fito da igiya da busasshiyar wutsiya, ya duƙa ya aje gaban Nomau. Haka makiyayi ke yi in dabbar amana ta mutu a hannunsa, ya kawo shaida. Nomau ya tsaya yana kallon wutsiyar, don bijimin nan shi ke jan amalankensa, shi ne abin da yake sa rai zai sayar ya ciyar da gida. Agali ya jira, bai ji komai ba, sai ya ja amawali har gindin ido ya juya ya shige cikin mutane.

Nomau ya bi shi har zango ba sau ɗaya ba. Kullum a ce ba ya nan, ga takalmansa bakin tanti. Rannan sai ga Nomau a rumfarmu a Tasawa, ya rame, tumbin ya tafi. Ya ce ya ji Agali zai kwashe iyali ya yi kudu, ya ƙetara Najeriya, kuma irin tafiyar nan ba kowa ke dawowa ba. Ya ce shi bijimi bai dame shi ba kamar a ce Buzun nan ya tafi yana zaton ya riƙe shi a zuciya. Ya ce shi an hana shi ganinsa, amma ni an yi mini alkawari, kuma Agali ba ya karya alkawari ko da wuƙa a wuya.

Na je ni kaɗai. Ban yi maganar bijimi ba, ban yi maganar Nomau ba. Na ce Baba Agali saura wurin sallama, kaset ɗin ma kaɗan ya rage, in ba a ɗauka ba aikin duka ya tashi a banza. Ya ce in zo da safe ranar da za su tashi, bakin rijiyar da ke hanya. Zai faɗi abin da ke cikin labarin ya wuce, kada a ƙara mishi ko kalma.

Ranar ni da Nomau muka iso da hantsi, iska ta riga ta tashi. Iyalinsa sun yi gaba da jakuna da ƴan awaki, shi yana tsaye riƙe da akalar raƙumi. Na duba kaset, na ga abin da ya rage ba zai ɗauki kuskure ba. Na tsayar da su fuska da fuska, na jingina tiren shayi jikin dutse, na ja kwandon batir na matso iyakar matsowa, na kunna. Agali ya faɗi maganar sallamar kamar mai biya karatu. Iska ta kwashe ta, ko ni da ke kusa ban ji ba. Ina shirin in yi magana sai Nomau ya riga ni, a hankali, ba da muryar kasuwa ba.

"Ban ji ka ba, Agali."

Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ranar. Agali ya dube shi. Sai na ga hannunsa ya tashi ya kama amawalin ya ja shi ƙasa, har haɓa.

Na ga fuskar ta cikin kamara, kamar ƙiftawar ido. Abin da zan iya gaya muku kawai shi ne yunwa ta daɗe a wurin. Ban tsaya tunani ba, na juya kamarar a hankali na ɗora ta kan Nomau, na bar kunnenta yana aiki. Muryar Agali ta fito tas, karon farko tun da muka fara fim ɗin.

"Dusar da muke ci nake raba wa bijiminka, Nomau. Da hannuna nake ba shi. Da safe mu ɗaga shi ni da ƴaƴana, da maraice ya kwanta. Nawa na bari suka mutu, shi na tsaya a kai. Bai tashi ba."

Nomau bai ce ya yafe ba, don ba abin yafewa. Ya matsa ya sa hannu biyu ya ɗaga amawalin ya mayar mishi kan hanci, ya gyara shi yadda ya ga yana yi tun suna samari. Sannan ya ja numfashi ya ce:

"Rufe abinka, Ɓarawon Buzu. Duk shekarun nan ina son ganin bakin nan, ashe ba abin gani."

Agali ya mayar mishi da wata magana ta bayan ƙyalle. Kamara ba ta kama ba, ni ma ban ji ba. Nomau dai ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa, ana cikin haka kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Na sauke kamara na ba su wuri. Nomau ya raka shi har sai da raƙumin ya sha kan tudu.

Fim ɗin ko suna ban sa mishi ba, mutane na ce da shi na mutanen nan biyu. Da na fara nuna shi samari suka jira waƙa, ba su ga waƙa ba suka zame. Magidanta suka zauna har ƙarshe, aka gama kowa ya nemi takalmansa. Wasu sun ce na yi wauta, wurin da Buzu ya buɗe fuska shi ne wurin da kowa ke son gani, ni kuma na kau da kamara. Wani ma ya ce batir ne ya ja ni. Ban yi gardama da kowa ba.

Agali bai dawo ba. An ce an gan shi wajen Katsina, an ce gaba da nan, ba wanda ya zo da magana tsayayya. Ruwa ya dawo, Nomau ya sake yin bijimi, wasu makiyaya suka riƙa sauka a gonarsa. Amma duk ranar kasuwar Tasawa, in ya gama abin da ya kawo shi, sai ya biyo rumfata ya zauna kan benci ya ce, Lawali, sa mini wurin nan. In tura kaset har kusa da ƙarshe in kunna. Da yawan maimaitawa wurin ya cinye, hoton ya yi zane zane yana tsalle. Na ce mishi Baba Nomau hoton nan ya lalace fa. Ya ce ina ruwansa da hoto, fuskarsa ce, ya san ta.

Sai a lokacin na lura bai taɓa kallon telen ba. Baya yake juya mishi, ya sunkuyar da kai, ya kasa kunne. In muryar ta gama, aka zo inda Agali ke magana ta bayan ƙyalle ba wanda ke ji, sai ya yi dariya shi kaɗai, ya ɗauki sandarsa ya tafi tasha.